Amsoshin Wasiƙunku: Kibiyar Komawa Baya Ba Ta Dawo Da Kuɗi

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Bichi, wanda kan shigo Kasuwar Sabon Gari da ke Kano sayen takin zamani da maganin feshi. Ya ce ya zo biyan wani mai shago ta waya, ya danna, sai abin ya tsaya yana ta juyawa. Da ya gaji da jira sai ya taɓa 'yar kibiyar nan ta sama mai rubutun Back, ya sake turawa. Ashe sau 2 kuɗin suka fita. Yana tambaya, shin wannan kibiya ba soke ciniki take yi ba? Kuma ba dama a sauya rubutun ya koma Hausa?

To Malam, sannu da wannan ɗawainiya. Ba kai kaɗai ba ne. Tun farkon shekarar 2023, lokacin da aka yi ƙarancin takardun naira bayan sauya musu fasali, mutane da yawa suka koma biya ta waya ala tilas, ba tare da wani ya zaunar da su ya koya musu ba.

Bari mu fara da kibiyar. Aikinta guda ɗaya ne, ta mayar da kai shafin da ka baro. Kamar ka shiga layin 'yan atamfa ne daga layin 'yan takalma, ka juya ka koma inda ka fito. Juyawarka ba ta dawo maka da kuɗin da ka riga ka miƙa wa mai atamfa. Da zarar ka sa lambar sirrinka ka tabbatar, saƙon ya bar hannunka ya tafi banki, ko da fuskar wayar ba ta nuna maka komai ba tukuna. Kalmar da ke nufin sokewa ita ce Cancel, ita ma kafin ka sa lambar sirri take da amfani.

Sai batun rubutun. Nan dai, Malam, ba a hannunka abin yake ba, yana hannun waɗanda suka ƙera manhajar. A wayoyin iPhone, tun fitowarsu a 2007, an daɗe ana rubuta sunan shafin da ka baro a jikin kibiyar, don ka san inda za ka koma. In sunan ya yi tsawo, wurin ba zai ɗauka ba, sai a rubuta Back kawai. Maƙerin manhaja yana da ikon sa kalmar da ya ga dama, ko ya bar kibiyar tsirara. Abin da ya ba ni sha'awa, a matsayina na wanda ya taɓa riƙe alli, shi ne ba a shafin da kake ciki ake saita rubutun ba, a shafin da ka fito ake saita shi. Wato ƙofar da ka shigo ta ita ce ke ɗauke da sunan. A wayoyin Android kuwa, irin su Tecno da Infinix da itel da suka cika hannun mutanenmu, galibi kibiya ce kawai babu rubutu.

Ni a ganina wannan gazawa ce ta masu ƙera manhajojin kuɗi. Wanda ke neman cinikin ɗan kasuwar Sabon Gari da manomin Bichi, me zai hana shi rubuta "Koma baya" da "Soke" da "Dakata, kuɗinka na kan hanya"? Ai Facebook ma ana iya mayar da shi Hausa.

Abin da ke hannunka shi ne harshen wayar gaba ɗaya. Wayoyi da dama na kamfanin Tecno da itel suna da Hausa a wurin saituna. Sai dai manhajar da maƙerinta bai sa mata Hausa ba, za ta ci gaba da Turancinta. Masu mayar da waya Larabci kuma su lura, kibiyar kan koma gefen dama tana kallon dama, tun da Larabci daga dama ake faro shi. Kada ka ce waya ta lalace.

Akwai kuma wata alamar komawa baya a can ƙasan waya, wadda ta wayar ce, ba ta manhaja ba. Ita ma ba ta soke komai.

Yanzu ga abin yi. In waya ta tsaya tana juyawa, kada ka sake turawa. Ka jira, ka duba ragowar kuɗin asusunka da jerin abin da ya fita, mai shago ma ya duba nasa. Kai kuma Malam, tun da sau 2 suka fita, ka koma wurin mai shagon da shaidar biyan guda 2. In duka sun shiga wurinsa, ya mayar maka da ɗaya, in ya yi gardama akwai shugabannin layi. In ɗaya ne ya shiga, ka tafi bankinka da lambobin da ke jikin shaidar, ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin ka adana.

Sai mun ji daga gare ka yadda aka ƙare.