Hira da manoma: Auren magariya

Hirarmu ta yau da manoman Ƙonni da Malbaza da Illela take, a kan magariya.

Kowa ya san magariya. Tana fita ita kaɗai a gona, ba shuka ba ban ruwa. Saiwarta na zuwa nesa cikin ƙasa, shi ya sa fari ba ya kashe ta. Amma ƴaƴanta ƙanana ne, ƙwallo ya fi nama yawa. Don haka in lokacin sassabe ya zo, da yawa cikinmu sare ta muke mu ƙone.

To, akwai wata magariya da aka kawo daga ƙasar Indiya. Ana ce da ita tuffar Sahel. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa ta a Nijar tun farkon shekarun 2000. Ƴaƴanta manya ne, kamar ƙwan tattabara ko sun fi. Suna da zaƙi da ruwa, ana cin su ɗanyu. In ka shuka ƙwallonta ba lalle ka samu irin uwar ba. Sai an yi aure, yadda ake yi ma mangwaro: saiwa ta gida, reshe na baƙuwa.

Ga yadda ake yi.

1. Ka zaɓi magariya mai lafiya. Da bazara, ka sare ta kusa da ƙasa. Za ta yi toho da yawa. Ka bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi.

2. In tohon ya kai kaurin alƙalami, ka samo reshen tuffar Sahel mai kauri daidai da shi, mai ido 2 ko 3. Ka naɗe shi cikin jiƙaƙƙen tsumma, kada ya bushe a hanya.

3. Ka yanke kan tohon da wuƙa mai kaifi, mai tsabta. Ka tsaga shi a tsakiya, kamar santimita 3.

4. Ka fiƙe gindin reshen gefe biyu, kamar bakin gatari. Ka soka shi cikin tsagar.

Nan ne aikin yake, ƴan uwa. Dole ɓawon reshe ya haɗu da ɓawon toho, ko da gefe guda ne. Ƙarƙashin ɓawon nan ne suke kama juna. In ɓawo bai haɗu ba, aure ya mutu.

5. Ka ɗaure da leda tam, kada iska ko ruwa su shiga. Bayan sati 3 ko 4, in ka ga ganye ya fito, aure ya kama. Sai ka sassauta ledar.

Sauran abu biyu. Duk tohon da ya fito ƙasa da ɗaurin, ka cire shi. In ka bar shi, zai cinye abincin amarya, icen ya koma magariyar da. Kuma ka yi shinge, don akuya ba ta san wahalarka ba.

Sau da yawa cikin shekara guda icen ke fara ƴaƴa. Yara su ci, mata su kai saura kasuwar Ƙonni ko Galmi ko Badagishiri.

Mai son reshe ya tambayi malamin gona ko ma'aikatan daji na garinsu. Bana, kowa ya bar magariya ko da biyu a gonarsa, ya gwada.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.