Tono Tsohuwar Mota Daga Cikin Ƙasa: Amanar da ke Wuyanmu

 



Maganar da na ɗauko yau magana ce a kan wani abu da dukkanmu muka saba gani har idanunmu suka daina lura da shi, wato tsofaffin motoci da taraktocin da aka jingine shekara da shekaru a bayan gidaje da bakin tasha da gefen gonaki, a nan Lausu da sauran garuruwan ƙasar Rano da Kibiya. Wata ƙasa ta haɗiye tayoyinta, wata ta nutse har gindin ƙofa, wata kuma bishiya ta tsiro ta tsakiyar bodinta. Roƙona shi ne ƙungiyarmu ta ceci ko da guda ɗaya daga cikinsu kafin a wayi gari babu ko ɗaya.

Domin a gane darajar waɗannan ƙarafa, sai mun waiwayi yadda suka zo mana. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a shekarar 1911, daga nan cinikin gyaɗa ya buɗe. Da farko jakuna da raƙuma ke kai amfanin gona bakin dogo, daga baya manyan motoci irin su Bedford da Austin suka karɓi aikin, masu bodin katako, suna ɗaukar gyaɗa da auduga da fasinja a lokaci guda. Wani ɓangare na buhunan da aka gina dalar gyaɗa da su a Kano daga gonakin kudancin Kano ya fito, kuma a bayan irin waɗannan motoci ya bi ta Bunkure zuwa birni. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnatin marigayi Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga a maƙwabtanmu, aka kammala ta a 1974, manyan injuna da tifofi suka cika yankin. A 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, a-kori-kura ta zama jakin 'yan kasuwar ƙauye. Ita ce motar kai amarya, ita ce ta kai mara lafiya asibiti, ita ce kuma ta kai da yawa daga cikinmu makarantar kwana da akwatin kwano a karon farko.

To, me ya kwantar da su? Fari na 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya cinikin da ke ciyar da manyan motocin. Sa'an nan a 1986 aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, darajar Naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsadar da mai mota ɗaya a ƙauye ba ya iyawa. Mutum ya ajiye motarsa da niyyar in an yi kaka zai gyara, kaka ta zo ta wuce, wata ta biyo baya, har rai ya yi halinsa, mota ta shiga cikin gadon da ba a raba ba.

Yadda ƙasa ke haɗiye mota kuwa sananne ne. Iska kan fice daga taya, nauyin motar ya koma kan bakin ƙarfe mai kaifi. Damina ta jiƙa ƙasa ta yi laushi, ƙarfen ya ɗan lume. Ruwa mai gudu ya kwaso yashi da laka ya jibge a gindinta, iskar rani ta ƙara da ƙura da shara. Kowace shekara ta ɗan ƙara nutsewa, har ƙarfen da ke ɗauke da ita, wanda makanikai ke kira shasi, ya kwanta a kan danshi. Tsatsa ba ta buƙatar komai illa ruwa da iska, don haka daga ƙasa take fara ci, inda ido ba ya gani. Gara ta cinye katakon bodi, birki ya manne, fistin ya ƙame a cikin inji.

Jama'a, abu biyu ne suka sa na ga bai kamata mu ci gaba da zuba ido ba. Na farko, masu sayen ƙarafa, wato 'yan gwangwan, suna zagaya ƙauyuka. Sana'arsu halal ce muddin sun saya daga mai haƙƙi, amma su da sikeli suke ciniki, ba ruwansu da wanda ya tuƙa motar ko abin da ta ɗauka. Cikin yini guda za a yanka ta, a loda, a narke. Na biyu, motar da aka yasar haɗari ce. Maɓoyar macizai da kunamu ce, tsohon batirinta na ɗauke da dalma da ruwa mai ƙuna, sa'an nan wadda ƙofofinta da gilasanta ke nan tarko ce ga yara. A watan Disamba na 2021 an tsinci gawarwakin yara takwas a cikin wata mota da aka ajiye a Jihar Legas. Allah ya kiyaye mana zuri'a, amma rigakafi ya fi magani.

Wasu al'ummomin sun riga mu gane wannan. Baƙar marsandin da aka harbe marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Ikko, da hujojin harsashi a jikinta. Yaron da ya tsaya gabanta ya fahimci abin da shafi goma na littafi ba zai fahimtar da shi ba. A ƙasar Suwizalan, a 2009, an tsamo wata mota ƙirar Bugatti ta 1925 daga tafkin Maggiore bayan ta shafe sama da shekara 70 a ƙarƙashin ruwa. Rabin jikinta ya zagwanye, amma duk da haka aka sayar da ita a birnin Paris a 2010 a kan kuɗi sama da Yuro dubu 250, wanda ya saya kuma ya baje ta ga masu kallo yadda take, bai gyara ba. A birnin Tulsa na Amurka kuwa, da gangan aka binne sabuwar mota ƙirar Plymouth a 1957 cikin rami na kankare, da sharaɗin a tono ta bayan shekara 50. Da aka buɗe a 2007 sai aka tarar ruwa ya shige ramin, laka da tsatsa sun gama da ita. Idan kankare bai hana danshi ba, ina ga motar da ke kwance a kan tsurar ƙasa? Kowace damina da muka bari ta wuce, wani abu na raguwa daga abin da za mu tarar.

Kafin a sa fartanya a ƙasa, akwai haƙƙi. Daɗewar mota a yashe ba ta fitar da ita daga mallakar mai ita ba. Idan ya rasu, ta magada ce, har da mata da marayu, kuma babu wani ɗa guda da ke da ikon bayar da ita shi kaɗai. Sai a zauna da su gaban mai unguwa da limami, ko dai a saya a biya kowa rabonsa, ko su bayar da ita amana a rubuce, da shaidu. Idan kuwa ta hukuma ce, kamar tsofaffin taraktoci, sai a nemi izinin ƙaramar hukuma a rubuce.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne bayan an kammala girbi, sa'ad da ƙasa ta tsane amma ba ta ƙeƙashe ba, hannuwa kuma sun samu sarari. A fara ɗaukar hotonta ta kowace fuska yadda take. A sassabe ciyawa, a bubbuga jikinta da dogon sanda domin abin da ke ciki ya fita, amma kada a kunna wuta kusa da tankin mai. Daga nan a haƙe kewayenta har tayoyi da ƙarƙashinta su bayyana, a yi gangare mai sauƙi ta wajen da za a ja ta, a shimfiɗa katakai masu kauri. A ɗora jak a kan katako, a ɗaga kusurwa ɗaya kaɗan, a cusa waigi, a koma wata kusurwar. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. A kwance birkin da ya manne, tare da rufe hanci, domin ƙurar tsohon birki na cutar da huhu. A sa mata tayoyin aro, a fitar da ita daga giya. Sarƙa kuwa a jikin shasi ake ɗaura ta, a wurin da makanike ya ƙwanƙwasa ya tabbatar yana da sauran ƙarfi, domin idan aka ɗaura a bamba ko gatarin gaba, su kaɗai za su taho su bar motar. Janwe ko tarakta ta ja a hankali ba tare da fizga ba, mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarni, a kuma kori yara nesa, don sarƙar da ta tsinke ba ta zaɓen wanda za ta sara. Gaggawa dai aikin Shaiɗan ce.

Bayan ta fito, kada zumuɗi ya sa a haɗa mata batir a nemi tayar da ita. Injin da ya ƙame mai ake zuba masa a bar shi ya jiƙa kwanaki, sa'an nan a gwada juya shi da hannu. Kada kuma a yi saurin shafe ta da sabon fenti, domin rubutun da ke goshinta da bayanta, da sunan mai ita a jikin ƙofa, su ne shaidarta. A kwafi lambar inji da ta shasi. A duba gefen da sitiyari yake: Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, saboda haka motar da sitiyarinta ke dama galibi ta girmi wannan rana. Abu mafi muhimmanci, a je wa tsofaffin direbobi da yaran mota da 'yan kamasho da ke raye, a naɗi muryarsu. Ƙarfe na iya jiran baɗi, amma dattijo ɗan shekara tamanin ba mu da tabbacin haka a kansa.

Na san wani zai ce, muna fama da ƙarancin rijiyoyin burtsatse da azuzuwa da magani a asibiti, ina mu ina tsohuwar mota? Tambaya ce mai kyau, kuma ba na goyon bayan a taɓa ko kwabo daga asusun waɗannan ayyuka. Wannan aikin gayya ne. A cikinmu akwai makanikai, akwai masu sana'a a Ƙofar Ruwa, akwai masu manyan motoci, akwai malaman tarihi. Wani ya ba da aron janwe na yini ɗaya, wani ya kawo kwano bandir biyu na rumfa, matasa su kawo ƙarfinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka ina gabatar wa wannan zama shawarwari huɗu. Na ɗaya, a kafa ƙaramin kwamiti da zai ƙidaya irin waɗannan motoci a Lausu da kewaye, ya rubuta masu su da halin da suke ciki. Na biyu, a zaɓi guda mafi tsufa da cikar labari a tono ta bana. Na uku, a yi mata rumfa da daɓen siminti a harabar makarantar firamare, a cire ƙofofi ko a ɗaure su, a kafa allo mai bayani da boko da ajami, a kuma nemi shawarar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ma'aikatan Gidan Makama kan hanyar adana ta. Na huɗu, sauran da ba su cetuwa a taimaka wa magada su sayar da su a farashi na adalci, a raba kuɗin bisa shari'a, a kawar da haɗarin daga unguwa.

'Yan'uwa mazauna birane, Rano na cikin Hausa Bakwai, amma da yawa daga 'ya'yan da muka haifa a birni ba su san da me kakanninsu suka yi fatauci ba. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ina roƙon duk mai iya ba da gudummawa ya rubuta sunansa wajen sakatare kafin a tashi, domin kwamitin ya fara aiki tun ƙasa ba ta bushe ba.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.