Shirin Mota da Hanya: Kamshaf ɗin gudu ko na jan kaya?

Iyayenmu makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka, daga Paga da Bawku har ƙetare, muna gaisuwa daga Zangon Kumasi. Maganar yau a kan wani ƙarfe ce da yawancin masu mota ba su taɓa ganinsa ba, amma suna biyan kuɗinsa: kamshaf.

Dalili shi ne, ana ta turo mana tambaya iri guda. Mutum ya kai motarsa Suwame Magazin, wato babbar unguwar kanikawa da 'yan sayar da kayan mota da ke nan Kumasi, ya ce mota ba ta ja. Sai a ce masa: "Alhaji, a sa maka kamshaf mai ƙarfi, motarka za ta tashi sama." To, ƙarfin me? Nan ne ake yi wa mutane rufa-ido, wani lokacin ma shi mai faɗin bai san bambancin ba.

Kamshaf sanda ce ta ƙarfe mai tozaye a jere, kamar tozon sa. Tana juyawa, kowane tozo ya danna bawul ya buɗe, iska ta shiga, hayaƙi ya fita. A injin mota, idan karanshaf ya yi juyi biyu, kamshaf ɗaya yake yi. Kenan injin da ke juyi 1,500 a minti, kowane bawul yana buɗewa sau 750, fiye da sau 12 a daƙiƙa guda. Tsayin tozon shi ke nuna yadda bawul zai buɗe da faɗi, kaurinsa kuma shi ke nuna tsawon lokacin da zai zauna a buɗe. Numfashin injin gaba ɗaya a hannun waɗannan tozaye yake.

Yanzu ku saurara da kyau. Ƙarfin injin iri biyu ne. Akwai ƙarfin ja, irin na bijimin da ke jan amalanke cikin yashi: ba ya sauri, amma ba ya tsayawa. Akwai kuma ƙarfin gudu, irin na dokin sukuwa, wanda sai ya miƙe ya ɗauki wuta tukuna ake ganin aikinsa. Kamshaf mai kaurin tozo, wanda ke barin bawul a buɗe da daɗewa, dokin sukuwa ne. Idan injin na juyi da sauri sosai, iska na kwararowa da ƙarfinta, daɗewar tana amfani. Amma idan injin na juyi a hankali, fistin ya riga ya fara hawa bawul bai rufe ba, sai ya mayar da wani ɓangaren iskar waje. Matsi ya ragu, ja ya ragu, sulo ya riƙa rawa, mai kuma ya riƙa tafiya. Abin da ka samu a sama, a ƙasa aka cire maka shi.

To ku faɗa mini, motar da ta ɗauko shanu daga Paga, ko buhunan albasar Galmi daga Nijar, za ta yi fiye da kilomita 500 kafin Kumasi, ta Tamale da Kintampo da Techiman, a ina take buƙatar ƙarfi? Wajen tashi daga shingen kwastan da kaya a kanta. Wajen fita daga rami. Wajen hawan Nakpanduri, ga masu biyo wannan hanya daga Bawku. Manyan motocin dizal suna ba da mafi yawan jansu ne a wajen juyi 1,200 zuwa 1,500, kuma a kan haka kamfani ya yanka musu kamshaf. Ni a ganina, wanda ya ce zai fi kamfanin iya lissafin nan da ido kawai, a bar shi ya gwada a motarsa.

Dizal ma yana da nasa haɗarin. Matsinsa ya fi na fetur nesa ba kusa ba, don haka tsakanin kan fistin da bawul ɗan sarari ne ƙanƙani. Tozo ya ɗara tsayi, ko a ɗaura tayimin da kuskuren haƙori ɗaya ko biyu, fistin na iya dukan bawul ya lanƙwashe shi. Wasu injinan kuma, irin na Mercedes Actros na da, kamshaf ɗin ne ke danna famfunan dizal ɗaya bayan ɗaya. Ka canza shi da wanda ba nasa ba, ka taɓa lokacin feshin mai ma. Kuma mota in ta mutu a daji da shanu talatin a tsaye cikin rana, ba ruwa ba ciyawa, ai ba kuɗin gyara kaɗai ake lissafawa ba. Sa ya faɗi, sauran su tattake shi. Albasa kuma ba ta jiran bakanike.

Wani zai ce, ƙananan motocin zamani fa, da suke da ja kuma suke da gudu? Gaskiya ne. Tun 1989 Honda ta fito da VTEC, injin mai tozaye iri biyu, yana sauya su da kansa. Toyota na da VVT-i mai karkata lokacin buɗe bawul. Amma waɗannan da matsin baƙin mai suke aiki. Ka bar mai ya yi datti, dabarar ta tsaya.

Kafin ma a zargi kamshaf, a duba abubuwa masu araha. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska. Matatar dizal, nozul, tobo, saitin tafet, duk suna kashe ja. Sai kuma lodin da ya wuce kima, wanda ba ma son a faɗa.

In kuwa an buɗe an ga kamshaf ya ci, alamunsa ba sa ɓuya: ƙarar tak-tak daga saman injin, silinda ɗaya ta yi sanyi, garin ƙarfe mai ƙyalli a cikin baƙin mai. Alhaji, ka tafi da tsohon a hannu, da lambar injin a rubuce. Lambar da ke jikin sabon ta yi daidai da ta injinka. "Kusan iri ɗaya ne" ba amsa ba ce. Idan wanda aka yi amfani da shi a Turai ne, irin da ake kira hom-yus a nan, a auna kowane tozo da ma'aunin kanikawa a gabanka, kada a shafa da yatsa kawai a ce lafiya lau. Wanda aka cike tozonsa da walda aka goge, ka tambayi wanda ya yi da yadda ya ƙarfafa fatar ƙarfen, don taurin kamshaf a fatarsa yake, in ta tafi sauran ba ya daɗewa. A Suwame akwai gwanayen wannan aiki na gaske, akwai kuma masu koyo da injin mutane. Sannan a canza tafet tare da shi, domin tsohon tafet mai zaizaya yana cinye sabon kamshaf.

Samarinmu masu babur da aboboya, ku ma da ku ake. Mai kai madara da buhun dusa daga ruga zuwa kasuwa, ja yake nema, kamshaf ɗin kamfani ya ishe shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓa maganar birki da gangara. A sauka lafiya.