Ciwon Wuya da Toshewar Hanci a Lokacin Hunturu

Jawabin wayar da kai ga mazauna Jikwoyi da sauran jama'ar ƙasa



Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, watau daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, akwai koke-koke biyu da ba sa yankewa a gidaje: wuya ya riƙe, hanci ya toshe. Galibi ba abin tayar da hankali ba ne, ana kuwa iya samun sauƙinsu a gida da tabarma da gishiri da tafasasshen ruwa. Amma a cikin wannan rani ɗin ne cutar sanƙarau take shigowa, ita ma kuwa a wuya take nuna kanta. Saboda haka lalle ne kowane magidanci ya san wuyan da za a miƙe a kan tabarma, ya kuma san wanda za a garzaya da mai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

An ɗauki Jikwoyi misali ne domin halin da take ciki shi ne halin unguwanni da dama a ƙasar nan. Garin yana kan hanyar Nyanya zuwa Karshi, cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja. Tun da gwamnati ta ƙaura daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, tsadar haya a cikin birni ta sa ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta tarewa a Nyanya da Karu da Jikwoyi da Kurudu da Orozo. Mutum yakan fita da duku-duku, ya zauna a takure cikin mota a cunkoson hanyar Keffi, kansa a sunkuye bisa wayar hannu. Ya wuni a tebur ko a keken ɗinki, da almuru ya komo ta cikin ƙurar lungunan da ba su da kwalta da hayaƙin janareto. Wuya da hanci su ne suke biyan kuɗin wannan tafiya.

Wuya da nauyin da yake ɗauke da shi

Ƙasusuwa bakwai ne a jere a wuyan ɗan Adam, laka tana bi ta tsakiyarsu, tsokoki suna riƙe da su ta kowane gefe. Kan baligi yakan kai wajen kilo 5. In yana zaune daidai bisa kafaɗu, wuya ba ya jin nauyinsa. In aka sunkuyar da shi, aikin sai ya koma kan tsokar ƙeya. Wani likitan ƙashin baya a New York ta Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa sunkuyo sosai irin na mai duba waya a cinya yana ɗora wa wuya nauyin da ya kai kilo 27. Wannan ya fi jarkar ruwa mai lita 25, ba gammo.

Gbagyi, waɗanda su ne 'yan asalin wannan yanki, an san matansu da ɗaukar kaya a kafaɗa, domin a al'adarsu kai ya fi ƙarfin a ɗora masa kaya. Masu ɗora wa ƙananan yara farantin talla da bokitin ruwa suna da abin dubawa a nan, ko da yake ita ma kafaɗa tana da iyakarta.

Maganin farko shi ne gyaran zama. A ɗaga waya zuwa daidai ido. Mai aikin zaune ya riƙa miƙewa duk bayan rabin sa'a ko makamancin haka. Matashin kai guda ya isa, kada a tula biyu, kuma kwanciya rub da ciki tana murɗe wuya har gari ya waye. In tsoka ta riƙe, a jiƙa tawul da ruwan ɗumi a gasa wurin, a shafa man kaɗe a mulmula a hankali. Farasitamol yana taimakawa bisa ƙa'idar da aka rubuta a kwalinsa. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya nisanci ibufurofen da danginsa sai da iznin likita.

Abin da ake ɗauka daga yoga

Yoga tsohuwar hanya ce ta horar da jiki da numfashi wadda ta samo asali daga Indiya. A watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe mata ranar 21 ga Yuni ta kowace shekara. Gaskiya ne a ƙasarta ta asali tana da dangantaka da ibada, shi ya sa wasu Musulmi da Kirista suke ɗari-ɗari da ita. Abin da ake nufi a nan miƙar gaɓoɓi ce da numfashi a natse kawai, babu wani karatu ko kirari a ciki, kuma masu gashin ƙashi a asibitoci suna koyar da makamancinta. Wani gwaji da aka yi a birnin Essen na Jamus, aka buga a 2013, ya nuna masu daɗaɗɗen ciwon wuya sun sami ragowar ciwo bayan mako 9 suna yin ta.

A shimfiɗa tabarma a wuri mai tsabta, da safe kafin karin kumallo ya fi. A fara da zama a miƙe, a ja haɓa baya kamar mai ƙyamar wani wari, ba tare da an sunkuyar da kai ba, a ƙirga biyar, a saki. A yi haka sau goma. Wannan ɗan motsi ba shi da ban sha'awa ko kaɗan, amma shi ne yake mai da kai mazauninsa, ana kuwa iya yinsa ko a cikin mota. Sa'an nan a karkata kunnen dama wajen kafaɗar dama, kafaɗar tana ƙasa, a shaƙi numfashi a fitar sau biyar, a koma hagu. A waiwaya dama da hagu sannu a hankali. A ɗaga kafaɗu a juya su baya, har allunan kafaɗa su nemi haɗuwa.

Bayan wannan sai abin da masu yoga suke kira tsayuwar kyanwa da saniya. A durƙusa kamar mai rarrafe, tafin hannu a ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa a ƙarƙashin ƙugu. In an ja numfashi, a saki ciki ya yi ƙasa, ƙirji ya buɗe, a dubi gaba. In an fitar, a ƙoƙara baya sama kamar kyanwar da ta ga kare, haɓa ta nufi ƙirji. Sau takwas ya wadatar. Daga nan a zauna bisa dugadugai, a miƙa hannuwa gaba, a ɗora goshi a kan matashi, a huta kamar minti ɗaya. Wannan ita ce zaman jariri. Wanda hancinsa ya cika ya ƙara tsawon matashin, domin sunkuyar da kai ƙasa yana ƙara nauyin fuska. Duka ba zai wuce minti goma ba, kuma yin kaɗan kullum ya fi yin mai yawa ranar Lahadi kaɗai.

Ƙa'idar ita ce a ji ja, kada a ji zafi. Hotunan da ake gani a intanet na masu tsayuwa da ka, ƙafafu a sama, ko masu ɗora nauyin jiki duka a kan ƙeya, ba na mai ciwon wuya ba ne, ba kuma na mai hawan jini ba. Haka nan al'adar nan ta wasu masu aski da masu tausa, su kama kan mutum su fizge har wuya ya yi ƙara, a guje ta. Manyan jijiyoyin da suke kai jini ƙwaƙwalwa ta wuya suke bi, fizga tana iya tsaga ɗaya, abin ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai hakan yake faruwa ba, amma babu wata riba da ta cancanci wannan kasada.

Mutane da yawa in ƙeya ta yi musu ciwo sai su ce jininsu ne ya hau. Hawan jini galibi ba ya ba da alama. Awo ne kaɗai yake nuna shi.

Hanci da kogunan fuska

A cikin ƙasusuwan goshi da kumatu da tsakanin idanu akwai koguna masu iska, huɗu a kowane gefe, kowane da 'yar ƙofa da take buɗewa cikin hanci. Busasshiyar iska da ƙura da mura suna kumbura fatar ciki, ƙofofin su rufe, majina ta taru. Daga nan ne nauyin fuska da ciwon goshi suke tasowa, musamman in an sunkuya.

Hanya mafi amfani a gida ita ce wanke hanci da ruwan gishiri. Masu yoga suna yin ta da wata 'yar buta da suke kira neti, wanda ya saba shaƙa ruwa a alwala kuwa ba zai ga baƙon abu ba. A tafasa ruwa rabin lita, watau kwatankwacin abin da ledar ruwan sha ɗaya take ɗauka, a bar shi yana tafarfasa minti ɗaya cur. A zuba gishirin miya ƙaramin cokali ɗaya a shafe, a bari ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi. A sunkuya a kan kwano, a karkata kai, a zuba ta kafar hanci ta sama da sirinji marar allura ko 'yar buta mai tsabta, ana numfashi ta baki, ruwan ya fito ta ɗaya kafar. A face a hankali. Sau ɗaya ko biyu a rana ya isa, a kuma haɗa sabon ruwa kullum. Kada a sa kanwa a maimakon gishiri.

Tafasawar nan ba a yi mata ragi. Yawancin gidajen Jikwoyi da ruwan rijiya da burtsatse da na 'yan ga-ruwa suke dogara, kuma ruwan da ciki zai iya ɗauka ba lalle ne hanci ya ɗauka ba. A 2011 mutum biyu sun mutu a jihar Louisiana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfo wanda ba a tafasa ba, wata ƙwayar cuta ta bi ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa.

Sirace kuwa, wanda kowane gida ya amince da shi, amfaninsa bai kai sunansa ba. Likitocin Jami'ar Southampton ta Ingila sun gwada shi tare da wankin hanci a kan mutum 871, suka buga sakamako a 2016: wankin hanci ya kawo sauƙi, sirace bai rage komai ba in ban da ciwon kai. Babba yana iya yi in yana jin daɗinsa. Yaro kuwa kada a lulluɓe shi a kan tukunyar ruwan zafi, domin ƙuna ta fi mura muni nesa ba kusa ba. Man kaɗe yana da tasa shaida, ko da yake ƙarama ce: wani ɗan gwaji da aka yi a Jami'ar Legas, aka buga a 1979, ya nuna yana buɗe hanci. A shafa kaɗan a bakin kafar hanci, ba a ɗura ba. Shayin citta da lemun tsami da zuma yana sanyaya maƙogwaro, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma. A yawaita shan ruwa, a rufe hanci da ƙyalle in za a hau acaɓa, a yayyafa ruwa kafin shara.

Maganin ɗigawa a hanci na kemis yana buɗe shi nan take, amma in aka zarce kwana uku zuwa biyar sai hancin ya riƙa toshewa fiye da dā. Kafso kuwa ba ya kashe ƙwayar mura. Sai in abin ya haura kwana 10, ko ya lafa ya dawo da zazzaɓi, ko gefen ido ya kumbura, sa'an nan ma'aikacin lafiya ya duba ya yanke shawara.

Wuyan da ba a taɓa shi a gida

Arewacin Nijeriya yana cikin yankin sanƙarau na Afirka, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, kuma lokacin cutar shi ne daga Disamba zuwa Yuni. Ƙurar da take busar da hanci ita ce take sauƙaƙa wa ƙwayar cutar shiga jini, cunkoso a ɗaki marar taga kuma yana yaɗa ta. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a ƙasar nan, fiye da 11,000 suka rasu. A 2017 ta sake ɓarkewa, ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato, ta ci rayuka fiye da 1,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 6 da suka kamu da sanƙarau irin na bakteriya kusan 1 yakan mutu, kuma 1 cikin 5 yakan tashi da naƙasa, kamar kurumta ko farfaɗiya.

Bambancin ba shi da wuyar ganewa. Mai riƙewar tsoka yana cin abincinsa, yana hira, jikinsa ba zafi, ciwon kuma ya fi tsanani in ya waiwaya gefe guda. Mai sanƙarau zazzaɓi ne yake rufe shi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani da amai, haske yana damun idonsa, haɓarsa ba ta iya kaiwa ƙirji, hankalinsa yana gushewa. Jariri kuwa wuyansa ba lalle ya sanƙare ba, sai dai ya ƙi nono, ya yi ta kuka ko ya yi laƙwas, maɗigarsa ta kumbura. Cutar tana iya kisa cikin sa'a 24. Irin wannan ba a gasa shi, ba a yi masa ƙaho, ba a jira gari ya waye. Mazauna Jikwoyi su nufi Babban Asibitin Nyanya, ko na Karshi, ko na Asokoro. Ana kuma iya kiran Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka a lamba 6232 kyauta.

Akwai rigakafi. A 2011 aka fara allurar MenAfriVac a Nijeriya, a 2019 aka shigar da ita cikin rigakafin jarirai na yau da kullum. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da Men5CV, wadda take kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Iyaye su duba katin rigakafin 'ya'yansu, su kai shi cibiyar lafiya mafi kusa a tabbatar musu.

Haka kuma wanda ya faɗo daga babur yana kukan wuya, kada a ɗaga shi zaune, kada a kai shi wurin mai ɗori. A tallafe kansa ya tsaya daidai da jikinsa, a ɗauke shi a kan abu mai faɗi da tauri. Ciwon wuyan da ya zo da mutuwar hannu ko ƙafa, ko da nauyin ƙirji da gumi, shi ma na asibiti ne a wannan sa'a. Wanda kuwa ya yi mako uku yana miƙa da gashi bai ga sauƙi ba, ya nemi likita ya tura shi sashen gashin ƙashi.