KARE A CIKIN KANTI: WANDA AKE HANAWA DA WANDA BA A HANAWA

  

Mas'alar da za mu tattauna a wannan zama ita ce shigar kare cikin kanti. Wani zai ji ya ce ba ta kai a tara jama'a dominta ba. Amma ga Musulmin da ke zaune a Ingila ko Amurka, wanda ya buɗe shagon kayan masarufi ko gidan abinci, ko yake tsaron kantin wani, ko yake tuƙa tasi, abu ne da yake fuskanta yau da gobe, kuma kuskure a cikinsa yana iya kai shi gaban alƙali, ya kuma jawo wa addininsa zagi a jaridu. A waɗannan ƙasashe mutane da yawa sun ɗauki kare tamkar ɗan gida, ba su son su bar shi a waje ko da za su sayi burodi ne. Har ma a shekarar 2019 kamfanin John Lewis, wanda yake da manyan kantuna a Birtaniya, ya ba da sanarwar cewa ya yarda masu saye su shigo da karnukansu, matuƙar suna ɗaure kuma suna da natsuwa.

To, kafin mu ce a hana ko a bari, wajibi ne mu san cewa Shari'a ba ta haɗa karnuka duka a hukunci guda ba. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi gargaɗi ga wanda ya ajiye kare ba don farauta ba, ba don tsaron dabbobi ko gona ba, cewa ana tauye masa lada mai yawa a kowace rana: ƙiraɗi ɗaya a ruwayar Abu Huraira, biyu a ruwayar Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su. Saboda haka karen sha'awa, wanda ake ajiyewa don wasa da ado kawai, ba ɗabi'ar Musulmi ba ce, kuma ba mu da wata kwana-kwana a kan wannan. Amma hadisin nan da ya hana, shi ne kuma ya buɗe ƙofa ga karen da yake yi wa ɗan Adam aiki. A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida Allah Maɗaukakin Sarki Ya halatta mana cin abin da horarren kare ya kamo, in an cika sharuɗɗan. Malamai kuma sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan tsaron gona idan buƙata ta kama. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa shi kansa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron masu cutarwa. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙyamaci haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da abin da ya fi kare ma ya ajiye.

Sai maganar najasa, wadda a nan ne mafi yawan mutane suke ruɗewa. Hadisi ya inganta cewa idan kare ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai, a ruwayar Muslim kuma wankin farko da ƙasa. Shafi'iyya da Hambaliyya sun fahimci cewa kare najasa ne gaba ɗayansa. Hanafiyya suka ce yawunsa ne najasa, jikinsa kuwa a'a, kuma Shaihul Islam Ibn Taimiyya ya rinjayar da cewa gashinsa mai tsarki ne, yawunsa ne kaɗai najasa. Imamu Malik kuwa yana ganin duk mai rai mai tsarki ne, har da yawunsa, wankin nan bakwai kuma ibada ce da aka umarce mu da ita. Hujjarsa ita ce ba a umarce mu da wanke gurbin haƙorin kare a jikin abin da ya farauto ba. Buhari kuma ya kawo daga Ibn Umar cewa karnuka sukan shiga masallaci su fita a zamanin Annabi (S.A.W.), ba a yayyafa ruwa saboda haka. Ku lura da kyau, jama'a: ko a wajen waɗanda suka fi tsanantawa, busasshen kare da ya taka busasshen daɓe bai najasta kantin ba, balle kayan da ke kan kanta, balle kuɗin da maigidansa ya miƙo. Mai shagon da yake ganin sallarsa ta ɓaci don kare ya gitta ta gabansa a wurin ciniki, ya koma makaranta.

Duk da haka, mai kanti yana da cikakken iko ya hana karen sha'awa shiga. Kanti mallakarsa ne, kuma dokar Birtaniya ba ta tilasta masa karɓar irin wannan kare ba, kamar yadda ba ta hana shi ba. Abin da ta wajabta shi ne kada dabba ta kai inda ake dafa abinci ko sarrafa shi ko ajiye shi. A Amurka ma ƙa'idojin tsabtar abinci sun fi haka tsanani, domin a mafi yawan jihohi ba a barin dabbar sha'awa cikin kantin abinci. Ra'ayinmu shi ne hanawar ta fi, musamman inda ake sayar da abin ci. Kashin kare yana iya ɗauke da ƙwan wata tsutsa da kan yi ƙari mai ruwa a hanta ko huhun mutum. Akwai masu ciwon asma da gashin kare ke tayar musu da shi. Akwai yaro ƙarami da tsohuwa da suke firgita da ganinsa, su ma da kuɗinsu suka shigo. A rubuta sanarwa a bakin ƙofa da lafazi mai ladabi, a sa ƙarfen ɗaure igiya a waje, in da hali a ajiye ɗan kwanon ruwa. Kada wani ya raina wannan na ƙarshe, domin ya tabbata cewa Allah Ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa. Hana kare shiga daban, jifansa ko harbinsa da ƙafa daban.

Idan kuwa kantin ba naka ba ne, aiki kake yi, masu shi kuma sun yarda a shigo da karnuka, to abin da ya rage shi ne ladabin karen, wanda a haƙiƙa ladabin mai shi ne. Ya zama a ɗaure da gajeriyar igiya, yana gefen ƙafar ubangidansa, ba ya haushi, ba ya ɗane mutane, ba a ɗora shi a keken zuba kaya inda wani zai sa abincinsa. Ba a barinsa ya kai hanci ga kayan da ke ƙasa, domin Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Mai cizo a sa masa takunkumi, ko ma a bar shi gida. In ya yi fitsari ko kashi mai shi ne zai share, in ya yi ɓarna shi zai biya, kuma kalmar nan da suke yawan faɗa cewa ai ba ya cizo ba ta ɗauke wa kowa lamuni ba, a Shari'a ko a kotu. Ma'aikaci yana da damar ya nemi a fitar da karen da ya saɓa wa waɗannan, cikin natsuwa, ba tare da zage-zage ba.

Yanzu ga inda muka fi son ku ba mu hankalinku. Akwai wani kare da bai shiga cikin duk wannan hani ba, shi ne karen da yake yi wa makaho jagora. Mu a nan mun saba ganin yaro ɗan jagora riƙe da sanda, makaho yana biye. A can, wannan aiki kare ne yake yinsa. An fara horar da irin waɗannan karnuka a makaranta ta musamman a Jamus a shekarar 1916 saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Farko, aka fara a Amurka a 1929, a Birtaniya a 1931. Karen yakan shafe watanni masu yawa ana koya masa tsayawa a bakin titi, da kauce wa rami da tudu, da kwanciya shiru a ƙarƙashin kujera, da kau da kai daga abinci ko da a gabansa yake. Ana gane shi da ɗamara mai mariƙi da ake sa masa. Idan har Shari'a ta halatta kare don ya tsare tumaki, ta yaya za ta haramta wanda yake tsare ran ɗan Adam daga mota?

Dokokin can ma ba su bar wannan ga son ran mai kanti ba. A Birtaniya, Dokar Daidaito ta 2010 ta sa korar naƙasasshe saboda karen taimakonsa ya zama wariya da ake kai ƙara a kanta, direban tasi kuwa da ya ƙi ɗaukarsa ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000, sai fa in yana da takardar uzuri ta rashin lafiya. A Amurka, dokar haƙƙin naƙasassu ta 1990 ta ba irin wannan kare damar shiga duk inda jama'a suke shiga. In ba a gane aikin karen da gani ba, tambaya biyu kaɗai aka yarda mai kanti ya yi: shin saboda naƙasa ake tafe da shi, kuma wane aiki aka koya masa. Ba a neman takardar shaida, ba a tambayar mutum ciwonsa. Amma dokar ta yarda a fitar da karen da ya gagari mai shi ko yake ƙazanta wuri, sannan a ci gaba da yi wa mutumin ciniki.

Abin takaici shi ne an sha samun Musulmi a cikin waɗanda suka kori makafi daga shago ko mota, suna cewa addini ne ya hana su. Addini bai hana su ba. Jahiltarsa ce ta hana su. A shekarar 2008, bayan malamai sun ba da fatawa, wani masallaci a birnin Lesta na Ingila ya keɓe wuri a mashigarsa inda wani saurayi makaho yake ajiye karen jagorarsa ya shiga ya yi salla cikin jam'i. Idan masallaci ya sami hanya, shagon sayar da shinkafa da man girki ba shi da hanzari. Mu tuna kuma cewa saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, aka saukar da farkon Suratu Abasa, alhali abin da ya faru bai kai kora ba, ɗaure fuska ne da juya kai kawai.

Idan irin wannan baƙo ya shigo kantinka, ɗan'uwa, yi magana da mutumin, ka rabu da karen. Kada ka taɓa shi, kada ka ba shi abinci, kada ka kira shi, domin a bakin aiki yake, ɗauke masa hankali kuwa yana iya jefa mai shi cikin haɗari. Tambayi mutumin abin da yake buƙata, ka karanta masa farashi, ka ƙirga masa canjinsa a hannu. In yawun karen ya taɓa tufarka, kuma kana bin maganar masu cewa najasa ne, wanke wurin ya ishe ka. Wallahu a'alam.