Jiri da Amai a Cikin Jirgin Ruwa: Jawabi ga Iyaye

(Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwanmu, tsohon malamin asibiti, ya gabatar a taron ƙungiya da ya haɗa 'yan reshen Nguru da na Gashuwa. Mun buga shi yadda ya faɗe shi, saboda waɗanda ba su sami halarta ba.)

 

Da aka ce in yi magana a kan lafiyar iyali, wani abokina ya ce in ɗauki hawan jini ko ciwon ƙoda, tun da su ne ke damun mutane a wannan yanki, musamman Gashuwa. Na ce masa waɗannan suna da masu su, a gayyato likita. Ni abin da na zaɓa ƙarami ne a ido, wato jiri da tashin zuciya da aman da ke kama mutum in ya shiga jirgin ruwa. Na ga wasu sun fara murmushi. To, ku ba ni aron kunnuwanku tukuna.

Mu dai mutanen tudu ne, kada mu yaudari kanmu. Kakannin yawancinmu daga Kano da Katsina da Daura da Haɗeja suka taso, wasu kuma jirgin ƙasa ne ya kawo su bayan da layin dogo ya iso Nguru a 1930, suna bin gyaɗa da fata da ƙaro. Sun zo sun tarar da Badawa da Mangawa da masunta waɗanda suka tashi a bakin ruwa. Ga tafkin Nguru, ga ruwan Marma da ke zuba a cikinsa, ga kogin Haɗeja da na Jama'are da ke haɗuwa su zama kogin Yobe ya bi ta Gashuwa. Yau kuma mun yi auratayya da mutanen ƙauyukan fadama, muna cin kasuwanninsu, muna zuwa suna da biki da ta'aziyya. In damina ta yi nisa, wani garin ba ka isa gare shi sai a kwalekwale. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 ba sai an ba su labari ba. Banda wannan, ga matasanmu da ke ɗibar iyali ran hutun salla a kai yara Dagona kallon tsuntsaye, wurin da har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filip, ya ziyarta a 1989.

Bari in ba ku abin da ya sa na zaɓi wannan magana. Wata shekara muka ɗauko amarya daga wani ƙauye, jirgi cike da mata da yara da kwanuka. Iska ta ɗan taso bayan la'asar. Wata gwaggona, wadda ba ta taɓa shiga ruwa ba, ta yi shiru, gumi ya keto mata, tana ta hamma. Na ce, "Gwaggo, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, ɗana." Kunya ta hana ta faɗi. Can sai ta yunƙura ta miƙe tsaye, ta faɗa gefe ɗaya za ta yi amai a ruwa. Mata biyu suka bi ta don su riƙe ta. Nan take jirgin ya karkata, ruwa ya fara shigowa. Mai fito ne ya daka tsawa kowa ya zauna, muka yi ta kwalfe ruwa da kwanon sha har muka kai gaɓa. Wallahi ranar na gane cewa amai ba ya kashe mutum a cikin kwalekwale, amma abin da mai aman zai yi, da abin da masu tausayinsa za su yi, yana iya hallaka jirgi guda.

To, mene ne ke kawo shi? Wasu sun ce mutanen ruwa ne suka taɓa mutum, wasu sun ce tsoro ne, wasu sun ce ragwanta. Ko ɗaya ba haka ba ne. A can cikin kunnen kowannenmu, bayan dodon kunne, akwai wasu 'yan bututu guda 3 masu lanƙwasa, da ruwa a cikinsu, da wasu 'yan jakunkuna 2 masu ƙananan tsakuwoyi. Aikinsu shi ne su riƙa gaya wa ƙwaƙwalwa ko kana tsaye, ko ka karkata, ko kana tafiya. Ido ma yana kai nasa rahoton. A kan tudu bakinsu ɗaya. Amma in ka zauna cikin jirgi ka sunkuyar da kai kana kallon ƙafarka ko buhun da ke gabanka, ido zai ce ba a motsi, kunne kuma ya ce ana ta sama da ƙasa. Shaidu biyu sun saɓa. Wannan ruɗanin ne ke tayar da zuciya. Masana sun auna sun ga cewa motsin da ya fi tayar da ita shi ne na hawa da sauka a hankali, kamar sau ɗaya cikin daƙiƙa 5 ko 6. Shi ya sa wanda ke sukuwa a kan doki lafiya lau, in ya hau raƙumi sai ka ga ya canja fuska.

Ga wata hujja da ta burge ni. Tsakanin 1958 da 1968 masu binciken sararin samaniya na Amurka sun yi aiki da wasu kurame 11 waɗanda ciwo ya lalata musu wannan sashe na cikin kunne, yawancinsu sanƙarau ne, ciwon da muka sani sarai a nan. Aka sa su a jirgin ruwa cikin teku mai hauka a gaɓar Kanada. Masu binciken suka kwanta suna ta amai, su kuwa kuramen suna zaune suna karta. Kun ga ke nan, in ka yi jiri a jirgi, alama ce kunnenka na aiki. Kuma ba ya jin kunyar babba. Nelson, shahararren kwamandan sojan ruwan Ingila, ya yi fama da shi duk rayuwarsa. Alhazanmu na da, waɗanda suka taka ƙasa har Sudan suka shiga jirgi daga Sawakin zuwa Jidda, waɗanda suka riski tsofaffinsu sun ji yadda suke ba da labarin Bahar Maliya. Mutumin da ya yi shekara yana tafiya a ƙasa ba rago ba ne.

Wa ya fi kamawa? Yara ne, daga shekara 2 zuwa 12. Jariri na goye bai cika yi ba. Sai mata, musamman masu juna biyu, da masu ciwon ɓarin kai. Wanda mota ke sa shi amai a hanyar Nguru zuwa Gashuwa, to ku ɗauka jirgi ma zai sa shi. Kowane maigida ya san irin wannan yaro a gidansa, don haka tun daga gida ake shiri, ba a bakin ruwa ba.

Maganar abinci tukuna, domin a nan iyayenmu mata ke kuskure iri biyu. Wata za ta ce kada a ba yaro komai don kada ya yi amai. Wata kuma ta cika shi da ƙosai da wainar da ta sha mai da soyayyen kifi, wai tafiya da nisa. Duka biyun ba daidai ba ne. Cikin da ba komai ya fi saurin tashi, mai maiƙo kuma ya daɗe bai narke ba. A ba shi abu marar nauyi kamar awa ɗaya ko biyu kafin a tashi: ɗan koko, ko burodi, ko 'yar shinkafa. A riƙe ruwan sha mai tsabta da busasshen biskit. Citta kuma, wasu tana yi musu amfani, wasu ba ta yi. Binciken da aka yi a kanta bai tsaya a magana ɗaya ba. Ba ta da illa in an tauna kaɗan, amma kada a dogara da ita ga wanda aka san nasa mai tsanani ne.

Sai wurin zama. Goshin jirgi da ƙarshensa su suka fi hawa da sauka, tsakiya ta fi natsuwa. A zaunar da mai jiri a tsakiya, a ƙasa, ba a kan buhu ba, fuskarsa na kallon inda aka dosa. In jirgin mai inji ne, a nisanta shi da hayaƙi da warin fetur, haka ma kwandon kifi. A ce masa ya ɗaga kai ya kafa ido a kan abin da ke nesa wanda ba ya motsi, wata goruba a ƙetare, ko inda sama ta haɗu da ruwa. Kada ya kalli ruwan da ke gudu a gefen jirgi, kada ya kalli kacallar da ake ratsawa kusa-kusa. Yin haka shi ne sasanta shaidun nan biyu. Waya kuwa, don Allah a karɓe ta. Na sha ganin uwa ta miƙa wa yaro waya wai ya yi wasa ya manta, alhali ita ce ke ƙara masa. Gara a ja shi da hira, ko a sa shi ƙirga tsuntsayen da ke can nesa. Kuma in da hali a yi sammako, domin sau da yawa ruwa ya fi kwanciya da safe.

Alamun farko su ne hamma, da yawu na taruwa a baki, da gumi mai sanyi, da yaro mai surutu ya yi tsit. Da kun ga haka, kada a jira. A kwantar da kansa a cinyar babba, ya rufe ido, kada kan ya riƙa motsi, ya riƙa jan numfashi a hankali. A sassauta masa ɗamara ko hijabi ya sha iska. Sannan abin da na fi so kowa ya tafi da shi: a shiga jirgi da leda ko ƙaramin bokiti. Mai amai ya yi a ciki, yana zaune a inda yake. Ba miƙewa, ba leƙa ruwa, ba taruwa a kansa. Mutum ɗaya da ke kusa da shi ya isa. A gaya wa kowa wannan tun a gaɓa, har da surukai da baƙi masu kunya, a ce musu ba abin kunya ba ne. Rigar kariya daga nitsewa kuma, in akwai ta, mai jiri da yara su ne farkon sa wa. Ina ma ƙungiya za ta sayi ko da guda goma a ajiye a kowane reshe, mai biki ya ara ya dawo da su. Ya shugaba, na jefa wannan a faifai.

Yanzu magani. Akwai shi, kuma yana aiki. A 1948 likitocin Amurka suka gwada wanda ake kira Dramamine a kan sojoji cikin jirgin da ya tashi daga Niyok zuwa Jamus, tun daga nan irinsa suka bazu. A kemis ɗinmu waɗanda aka fi sani su ne Avomine da Stugeron. Sirrinsu ɗaya ne, kafin a shiga ake sha. Stugeron awa 2 kafin tashi, Avomine tun daren jiya in tafiyar mai tsawo ce, ko awa 1 zuwa 2 kafin tashi. In zuciya ta riga ta tashi, ciki ya daina tura abin da ke cikinsa, ƙwayar za ta zauna ne ta dawo tare da aman. Dukansu suna sa barci. Saboda haka mai tuƙa jirgi kada ya sha, wanda zai ja mota ko babur bayan an sauka kada ya sha, kuma yaron da ya sha a riƙe shi da kyau. Yaron da bai kai shekara 5 ba, kada a ba shi sai da izinin likita. Phenergan, wanda wasu iyaye ke ɗura wa jarirai don su yi barci, an hana ba da shi ga ɗan ƙasa da shekara 2, domin yana iya tsayar da numfashi. Mai ciki, da dattijon da fitsari ke masa wuya, da mai hawan jinin ido, da mai ciwon ƙoda, su tambaya a asibiti tukuna. Ni a ganina, tsallaken minti ashirin bai kai a sha ƙwaya ba, wurin zama da leda sun wadatar.

Ga 'ya'yanmu da ke Ikko ko ƙasashen waje, masu shiga manyan jiragen teku na kwana da kwanaki da iyalinsu, dokar ba ta canja ba. Su nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, su riƙa fitowa sarari suna kallon nesa. Akwai wani magani da ake mannawa a bayan kunne mai aiki har kwana 3, na manya ne, likita ke rubutawa. Yawancin mutane jikinsu kan saba cikin kwana 2 ko 3. In sun sauka suka ji ƙasa na lilo da su na ɗan lokaci, wannan ma sananne ne, yakan wuce.

In an kai gaɓa, mai jiri ya zauna a inuwa, ya riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, ba ɗaurawa kai ɗaya ba. In ya yi amai da yawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ɗebi ruwan tafki a ba shi ko ya kurkure baki, kada kuma a tsoma yaro a ciki don wanke shi, saboda tsargiya ta fata take shiga.

Amma fa ba kowane amai ne na jirgi ba. Na jirgi yakan lafa ba da daɗewa ba bayan an taka ƙasa, kuma ba ya zuwa da zazzaɓi ko gudawa. In akwai zazzaɓi, a gwada maleriya. In amai ne da gudawa kamar ruwan shinkafa, musamman da damina, a garzaya asibiti ana ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya. In dattijo ne jiri ya kama shi, baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ɗaya ya mutu, kada wani ya ce ai jirgi ne. A kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Nguru, ko asibitin Gashuwa, a wannan sa'ar.

Na ga sakatare yana nuna mini agogo. Hajiya da ta ɗaga hannu a baya tun ɗazu, a miƙa mata lasifika, sai in amsa abin da ya sawwaƙa.