Tantanin Kifi da Makunnin Ƙwayoyin Gado

Tun a shekarar 1962, lokacin da Ken Wolf da M. C. Quimby suka raini tantanin halitta na wani kifin ruwan sanyi a Amurka, suka sa wa tantanin suna RTG-2, masana suka samu hanyar nazarin kifi ba tare da yanka shi ba, domin tantani, wato ƙaramin tubalin da jikin mai rai ya ginu da shi, yana iya ci gaba da hayayyafa cikin kwalba shekara da shekaru muddin ana ciyar da shi.

Abin da ya fi wuya shi ne sarrafa ƙwayoyin gado, waɗanda ke ɗauke da umarnin gina jiki. A 1992 Manfred Gossen da Hermann Bujard suka ƙirƙiro wata dabara a Heidelberg ta Jamus, wadda ke ba mai bincike damar kashe ƙwayar gado da maganin tetirasaikilin, daga baya kuma aka juya dabarar ta yadda maganin zai kunna ƙwayar gadon, sai ya zamana ana iya tsayar da aikinta a ga abin da zai biyo baya. Amma tantanin kifi ba ya karɓar baƙuwar ƙwayar gado cikin sauƙi, kuma na kifin salmon ya fi son sanyin kusan digiri 20, alhali an tsara yawancin kayan aikin ne don zafin jikin ɗan Adam. Shi ya sa aka ɗauki samar da tantanin salmon mai ɗauke da Cas9, almakashin yanke ƙwayar gado, a Sikotilan a 2016 a matsayin babban ci gaba, musamman ga masu binciken cututtukan da ke kashe kifin kiwo.